Ɗari uku a Mabera, fam 66 a Manchester

Mai Gidan Kallo, Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Daga Assabar wagga kuɗɗin shiga manyan wasanni ya koma ɗari ukku, ƙanana ɗari biyu. Wanda zai biya ta taransifa shi ƙara hamsin. Mai son a aje mishi kujerar gaba kusa ga fanka, shi ma hamsin. A yi haƙuri, ba son raina ba na.

Ɗan Kabu-kabu: Wa alaikumus salam. Oga, iskar fanka ma an fara saisuwa ke nan? Saura ka ce wanda yay yi ihun gol shi ƙara ashirin.

Mai Gidan Kallo: Kai da ka bin mutane ɗari biyar daga Mabera zuwa Tsohuwar Kasuwa, kai ka da bakin magana? Da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ba ta kai ɗari biyu ba a gidan mai. Hat ta haura dubu munka gani da idonmu. Injina shina shan mai awa raƙumi. Wuta kuwa kun san halinta, sai an tashi wasa take zowa ta gaishe mu.

Ɗan Kabu-kabu: Ni ɗari ukkun ba ta dame ni ba. Hamsin ɗin taransifa ita ta ban haushi. Mi kab biya a kai?

Malam na Dundaye: Tambayar tana kan hanya. Harajin naira 50 da gwamnati ta ɗora wa tura kuɗi yana hawa ne daga dubu goma zuwa sama. Ɗari uku ba ta shiga ciki ba. Alhaji, ka yi mana bayani, ba da faɗa ba.

Mai Gidan Kallo: Malam, kuɗɗin in sun taru a waya sai na tahi wurin mai POS in cire, shi kuma shi yanki nashi. Yaron da ka tsare min ƙofa tsaba nika ba shi, mai shara tsaba, ɗan bumburutu in mai ya ƙare tsakar wasa tsaba.

Na Ingila: Salamu alaikum manya. Yanzu na taso daga aikin dare na tarar da wannan, sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin bas. Wallahi abin da ke cin mutane a nan ke nan, bambancin kawai nan da fam ake yi. Watan jiya na ce bari in kai yarona kallon ƙwallo a fili, tun da muka zo yake roƙona. Wata ƙungiya ce ta kusa da mu, ba zan kira suna ba. Da farko aka ce ba a sayar wa kowa tikiti sai mai katin zama mamba na shekara. Na saya mana biyu, kuma katin ba tikiti ba ne, izinin shiga layi ne kawai. Ranar da aka buɗe sayarwa na zauna gaban kwamfuta kusan awa ɗaya ina kallon lambata tana raguwa. Da na samu kujeru biyu, na zo biya, sai ga wani kuɗi ya fito a ƙasa, wai ladan yin rajista, kuma a kan kowane tikiti, ba a kan cinikin gaba ɗaya ba. To ni na shiga intanet da datata, ni na zaɓi kujera, ni na rubuta lambar katina, tikitin ma a wayata ya sauka, ko takarda ba su buga ba. Wa ya yi aikin da nake biya?

Ɗan Tsohuwar Kasuwa: La'ada ce, ƙanena. Ko akuya ka saya a kara sai ka ba dillali nashi.

Na Ingila: Yaya, dillali yana shan rana, yana riƙe igiya, in akuyar ta sata ce shi za a kama. Kuma tun kafin a yi ciniki ka san da la'adarsa. Wannan sai ka gama sa rai, yaro na tsaye a kanka yana murna, agogo na ƙirga maka mintuna kafin a ƙwace kujerar, sannan a fito maka da shi. Wa zai fasa a nan?

Baba Tsohon Gola: Wanga ba dillanci ba na. Dillalin da yas sai da akuyar gidansu kuma yac ce a ba shi la'ada, mu ba mu san shi ba.

Malam na Dundaye: Tunda an taɓo Ingila, bari in ɗan yi tsawo, a gafarce ni. A ƙarshen Nuwamban 2024 Manchester United ta mayar da duk tikitin da ya rage na kakar fam 66, babu ragi ga yaro, babu ga tsoho. Kafin nan ana samun na babba daga fam 40, na yaro daga 25. Ku lissafa fam a kusan naira dubu biyu: mutum ɗaya, wasa ɗaya, wajen dubu 130. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan dubu 70 ne. Ko a can ɗin ma, uba da 'ya'ya biyu fam 198 kafin kuɗin mota da abin taɓawa.

Abin da ya fi tunzura magoya baya shi ne lokacin da aka yi shi. A Yulin shekarar aka tsawaita wa kocinsu Ten Hag kwantiragi, a Oktoba aka kore shi. Sallamarsa da mutanensa ta ci fam miliyan 10.4. Dan Ashworth, daraktan wasanni da suka yi wata da watanni suna zawarci daga Newcastle, wata biyar ya yi aka ce ya tafi, shi ma ɗaukowa da sallama miliyan 4.1. Jimla miliyan 14.5. Na raba da 66, ya ba ni tikiti kusan dubu 220. Old Trafford na ɗaukar mutum dubu 74 da wani abu. Wato sai an cika filin maƙil sau uku, kowa ya biya fam 66, kafin a biya kuɗin canza shawara a kan mutum biyu. A shekarar kuma aka sallami ma'aikata 250 da sunan tsimi.

Ɗan Kabu-kabu: Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗɗi.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa: Malam, na san ɗan Liverpool ne kai, dole ka ji daɗin wannan lissafi. Amma ka faɗi sauran. Ƙungiyar ta ce kashi 97 cikin ɗari na tikitin kakar an riga an sayar a tsohon farashi, ƙarin ya shafi ragowar ne. Kuma ni ɗan kasuwa ne. In ina da buhun shinkafa ɗaya mutum goma na layi, ba zan sayar a farashin jiya ba. Ratcliffe, attajirin da ya sayi hannun jari a ƙungiyar, da kansa ya ce bai ga dalilin da tikitin United zai fi na Fulham araha ba. Mu ne fa muke zagin su kullum a nan cewa ba su sayo ɗan wasan gaba ba. Da me za su sayo, da addu'a?

Malam na Dundaye: Da abin da suka sayo Antony daga Ajax a 2022, sama da fam miliyan 80.

Ɗan Kabu-kabu: 😂😂 Malam ka kashe shi.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa: Wannan kafin zuwan Ratcliffe ne, shi a Fabrairun 2024 ya shigo. Ni matsalata da iyalan Glazer ce, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. A 2005 suka sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790, akasarin kuɗin rance ne, suka juya suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar da ba a bin ta komai. Kamar in ranci kuɗi in sayi shagonka, in ce shagon ne zai biya bashin, ni kuma ina zarar riba. Shekara ashirin ana biyan kuɗin ruwa. Kun ga ruwan da ya riƙa kwarara daga rufin Old Trafford ranar wasanmu da Arsenal a Mayun 2024. To wanda ya gaji irin wannan gida ya zai yi?

Malam na Dundaye: Na yarda da kai a kan Glazer ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu shi ne shinkafarka. In ka tsawwala, sai in wuce shagon gaba. Wanda kakansa ya kai ubansa Old Trafford, uban ya kai shi, ina shagon gaba? Ya koma City? Sun san ba zai koma ba, shi ya sa suke yi. Mai saye da ba ya iya fasawa ba ciniki ake da shi ba.

Sannan batun cewa da kuɗin ƙofa ake sayen 'yan wasa, a duba. Yarjejeniyar talabijin ta Firimiya ta cikin Birtaniya kaɗai fam biliyan 6.7 ce na shekara huɗu daga 2025. BBC ta taɓa bin lissafin kakar 2016 zuwa 2017 ta gano fiye da rabin ƙungiyoyin za su ci riba ko da babu mutum ɗaya a fili. Kuma mun ga filin ba mutane lokacin korona a 2020. Me suka yi? Suka riƙa sa mana ihun 'yan kallo na rikoda, don sun san ƙwallo shiru ba ta sayuwa. Ihun talakan da ke bayan raga yana cikin hajar da suke sayar wa duniya, sannan a caje shi kuɗin kawo hajar.

Mai Gidan Kallo: To Malam, tunda ka kawo talabijin, ka gaya musu inda kuɗɗina ka tahiya. Kowa ni yaka gani.

Malam na Dundaye: Gaskiyarka. Tun zagayen 2022 kuɗin talabijin da Firimiya ke samu daga ƙasashen waje ya zarce na cikin gida. Ƙasashen wajen nan har da mu. Kamfanin da ke haska mana ya sayi izini da kuɗin waje, ya juyo kan masu biya da naira. Kuɗin wata na babban tsarinsu na gida ya tashi daga naira 29,500 zuwa 37,000 a Mayun 2024, ya koma 44,500 a Maris na 2025. Daga aljihun ɗan kabu-kabu zuwa akwatin Alhaji, zuwa kamfani, zuwa Landan, zuwa albashin ɗan wasan da ke zaune a benci. Chelsea ta kashe sama da fam biliyan ɗaya a 'yan wasa tun da Boehly da abokansa suka karɓe ta a 2022. Caicedo kaɗai miliyan 115. Da ɗan kwabonmu a ciki.

Ɗan Kabu-kabu: Ashe ni na sayi Declan Rice ban sani ba. A gaya wa Arteta mai hannun jari na gaisuwa daga Mabera.

Maman 'Yan Biyu, Runjin Sambo: Salamu alaikum. Ni ba na zuwa gidan kallo, amma ni ke biya, don haka ina da ta cewa. Yarana biyu, duk Asabar da Lahadi sai sun zo sun tsaya min a ka. Da ɗari biyu-biyu ne, yanzu ɗari shida a rana, ga na Talata da Laraba in ana Zakarun Turai. Daga cinikin ƙuli da man gyaɗa nake cirewa. In na hana su, ba zama za su yi a gida ba, za su je su maƙale a jikin kwano suna leƙe ta huda har a koro su, ko su bi wasu yaran da ban san su ba. Alhaji, abin da Malam ya ce an yi a Manchester na cire ragin yara, kai ba ka taɓa sa ragin ba ma balle ka cire.

Mai Gidan Kallo: Hajiya, yaro kujera guda yaka ci, awa babba.

Maman 'Yan Biyu: A ƙasa suke zama gaban allo, kowa ya sani. Tabarmar ma ta wani ce.

Baba Tsohon Gola: Ta gaya maka gaskiya, ɗana. Kuma yaron da kak kora yau shi na babban da zai biya ka shekara goma nan gaba.

Ɗan Kabu-kabu: Ni ga shawara. Ranar Assabar mu shiga, in an kai minti 30 mu tashi mu fita gaba ɗaya. Talatin, ɗari ukku.

Mai Gidan Kallo: Bismillah. Kun dai riga kun biya a ƙofa. In kashe inji in adana maina.

Malam na Dundaye: 😂 Ka ga inda kwaikwayo ya gaza. Abin da yake nufi shi ne na Anfield, filin Liverpool, 6 ga Fabrairun 2016. An sanar da tikitin fam 77 a sabon ɓangaren fili, sai mutum kusan dubu goma suka miƙe a minti na 77 suka fice. Muna cin Sunderland biyu da nema a lokacin, aka tashi biyu da biyu. Kocinmu Klopp ma ba ya wurin, yana asibiti an yi masa aiki. Cikin kwana huɗu masu ƙungiyar suka rubuto takardar ban haƙuri suka janye, mafi tsada ya tsaya a fam 59. Wata guda bayan haka Firimiya ta ƙayyade tikitin baƙi a fam 30. Su ma sun riga sun biya kafin su fita. Amma kyamara ta nuna wa duniya kujeru wayam, kuma abin da masu kuɗin ke tsoro ke nan. Mu in mun fita daga gidan Alhaji, wa ya gani? Mai shayin ƙofa.

Na Ingila: Kuma ko a nan ɗin abin na daɗa wuya, Malam. Ƙungiyoyi sun fi son baƙon da ya zo daga wata ƙasa sau ɗaya a rayuwarsa, ya biya ko nawa ne, ya shiga kanti ya sayi riga da hula, a kan dattijon unguwa mai tikitin shekara da ke zuwa da shayinsa a fulas. Wani abokin aikina Bature ya ce min shekara talatin yana zama a kujera ɗaya, bana ya haƙura. Yanzu a talabijin yake kallo, kamar ku.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa: To ai baƙon nan mu ne. Ni burina ke nan, in Allah ya hore, in je sau ɗaya. Kuma ko fam ɗari aka ce zan biya. Ashe ni ne nake korar dattijon.

Na Ingila: Ban so in faɗa ba, Yaya.

Malam na Dundaye: Jamus ce suka toshe wannan ƙofa tun da wuri. Suna da dokar 50+1: mambobi ne ke da rinjayen ƙuri'a a ƙungiya, in ban da 'yan tsiraru da aka yi wa togiya. Shi ya sa Dortmund har yau take da wurin tsayuwa na mutum kusan dubu 25 a bayan raga ɗaya, da araha. A farkon 2024 da hukumar gasar ta so sayar da wani kaso na kuɗin talabijin ga masu zuba jari, magoya baya suka yi ta jefa ƙwallon tanis cikin fili ana tsayar da wasa, har aka fasa a Fabrairu.

Baba Tsohon Gola: Kun zaga Ingila, kun zaga Jamus. Ina mai tambaya: cikinku wa yat taka filin Giginya bana? Ga Sokoto United nan tana fama a gasa ta biyu. Mu da munka tashi, ranar wasa tun azahar anka cika, mai keke da mai ƙafa, kuma ɗan wasan da ka cikin fili ka san gidansu, ka san uwatai. Yanzu yaro ya san sunan matar ɗan bayan Chelsea, bai san golan garinsu ba.

Ɗan Kabu-kabu: Baba, a yi mana afuwa. Amma a je a ga mi?

Baba Tsohon Gola: A je a ga abin da rashin zuwanku yab bari. Ni ba ina wanke masu riƙon ƙwallon ƙasag ga ba na. Na taɓa raka ƙungiya wani gari, ba nan ba, ina tsaye bakin ƙofa ina kallo: mutum shi ba da kuɗɗi, a amshe, ba a yaga mishi tikiti ba, a tura shi ciki. Tikiti guda ya shiga da mutum biyar. Manya kuwa da 'yan rakiyarsu kyauta, su ad da kujerun inuwa. An tashi anka ce kuɗɗin ƙofa bai isa sayen ruwan 'yan wasa ba. Ga yara na bin albashin wata da watanni.

Malam na Dundaye: Baba ya taɓo asalin ciwon. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne. Mai ƙungiyar da ba daga ƙofa yake ci ba, ba ruwansa da wanda ya shigo ko wanda ya fita. Bature na kuka don an mayar da shi saniyar tatsa, mu ko tatsar ba a damu a yi ba, balle a tambaye mu. Ko Kano Pillars mai kofi huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, mai cika filin Sani Abacha, ta gwamnati ce. Remo Stars da ta ɗauki kofin 2025 kuwa ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, a ɗan ƙaramin garin Ikenne, da filinta da makarantar yaranta.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa: Ka gani, ka dawo wurina. Ɗan kasuwa dai.

Malam na Dundaye: Glazer ma ɗan kasuwa ne.

Ɗan Tsohuwar Kasuwa: Allah ya isa tsakanina da kai, Malam 😂

Maman 'Yan Biyu: Ku dai ku gama, ni maganar yarana nake jira.

Mai Gidan Kallo: To na ji. Mai ɗaki shi yas san inda ruwa ka zuba mishi, amma Baba ya yi magana, ba ni ƙetare ta. Yaran da ba su kai sakandare ba, ɗari, wasan rana kawai, kuma a ƙasa. Na dare ba ni son ganinsu, iyaye su riƙe abinsu. Hamsin ta taransifa na cire. Ɗari ukku tana nan, in mai ya sauko mu sake zama.

Ɗan Kabu-kabu: Ta fanka fa?

Mai Gidan Kallo: Tana nan.

Malam na Dundaye: Alhaji, da ka bar ta wanda ya riga zuwa.

Mai Gidan Kallo: Malam, wanda ka riga zowa kullum shi na wanga mai kabu-kabu, kuma tun wasan Arsenal da PSG nika bin shi ɗari huɗu.

Ɗan Kabu-kabu: Wasan da anka fitar da mu? Wannan ai ta'aziyya ya kamata ka yi min, ba bin bashi ba.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Amma babban ya shiga aji ɗaya na sakandare watan jiya.

Mai Gidan Kallo: Hajiya, turo su dai. Kar ki gaya wa kowa.

Baba Tsohon Gola: Mutum tamanin ka cikin zauren ga, ɗana.